Shaidar Uba a Shekarar Sanƙarau

Ba zan taɓa mantawa da shekarar sanƙarau ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Yanzu shekarata hamsin, na zauna a kwamitocin jarrabawa da dama, ana kuma yi mini kallon mutum mai taka-tsantsan, wanda ba ya sa hannu a takarda sai ya bi ta har ƙasa. Masu yaba mini da wannan hali ba su san inda na tsince shi ba, ni kuwa ban taɓa gaggawar sanar da su ba.

A lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati tana ta buɗe makarantu kamar ana korarta. Na fito daga jami'a da digiri a fannin ilimi, aka tura ni Birnin Kudu a matsayin mataimakin shugaban wata ƙaramar makarantar koyon sana'a da ke bakin gari, inda ake koyar da kafinta da gini da aikin ƙarfe. Ban iya riƙe zarto ba. (Har yau ban iya ba. Idan ƙofa ta ƙi rufuwa a gidana, matata ce ke aikawa a kira mai gyara.) Amma na karanta littattafai masu kauri a kan yadda ake auna ilimi, kuma a ƙuruciyata ina ganin wanda ya iya aunawa ya fi wanda ya iya yi.

A ƙa'ida, idan shekara ta ƙare masu jarrabawa ne ke zuwa daga Kano. Sai a ba kowane ɗalibi katako da ƙusa, a ce ya haɗa taga ko ƙaramin tebur a gaban idonsu. Su jijjiga, su duba mahaɗa, sannan su ba da daraja: ta ɗaya, ta biyu, ko ta uku. Wanda ya fi kowa a ajin kafinta shi ke samun gurbi guda tak da aka ware mana a wata babbar makarantar sana'a a Kano. Ga ɗan ƙauye a wancan zamani, wannan gurbi shi ne bambancin zama shugaban ma'aikata a wurin manyan gine-gine da ƙarewa a gyaran ƙyauren maƙwabta.

To, a bazarar shekarar zafi ya tsananta, sanƙarau ya shigo. Ka gaisa da mutum da safe, kafin la'asar wuyansa ya ƙage, kashegari a kai shi. Hukuma ta hana taro, aka rufe makarantu, ɗalibai suka watse zuwa garuruwansu. Malaminmu na kafinta yana cikin na farkon da cutar ta ɗauka, duk abin da ya sani game da hannun kowane ɗalibi ya tafi da shi kabari. Ni kuwa sabon zuwa ne, sunayen yaran na sani, ban san aikinsu ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Kano cewa masu jarrabawa ba za su zo ba, kowace makaranta ta nemi hanyar da za ta ba ɗalibanta daraja, ta aika kafin damina ta faɗi. Na kai wa shugaban makarantarmu saƙon a ƙofar gidansa, inda yake karɓar gaisuwar rasuwar 'yarsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ne mai digiri. Yi abin da ka ga ya dace. Ni yanzu ko an ajiye mini tebur da taga ba zan bambance su ba."

Ya zama dole in faɗi abin da na ji a raina, domin daga nan ɓarnar ta faro: daɗi na ji. Mutane na mutuwa, ni ina hango sunana a saman wani rahoto da za a karanta a Kano.

Dabarar da na fito da ita mai sauƙi ce. A tsarin makarantar, kowane ɗalibi idan an yi hutu yana zama a ƙarƙashin wani mai sana'a a garinsu. Sai na ce, wa ya fi maigida sanin hannun yaronsa? Zan bi su gari-gari, in yi wa kowane maigida tambayoyi iri ɗaya, in rubuta amsarsa yadda ya faɗa ba ƙari ba ragi, in fitar da daraja daga ciki. Na tsara tambayoyin da kaina, na yi ta sha'awarsu. Na hau babur ɗin makaranta, na shafa man zafi a hankici na toshe hanci da shi (wani ya gaya mini yana kore cutar, ni kuwa mai digiri na yarda), na kama hanya.

A Kiyako na fara, wurin wani ɗalibi mai suna Garba, wanda ke aiki a hannun kawunsa. Kawun ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni benci. Bencin yana rawa, an tokare ƙafarsa guda da dutse, amma ban tambayi wanda ya yi shi ba, domin wannan tambayar ba ta cikin waɗanda na tsara.

"Garba?" in ji kawun. "Ai Malam, yaron nan idan ya kalli katako, katakon da kansa yake miƙewa. Rubuta masa ta ɗaya."

Na ce, "Ba shi da wani rauni a aiki?"

"Yana da shi, ba zan ɓoye maka ba. Ba ya hutawa. Na yi faɗa har na gaji."

Na rubuta. Haka na bi ta Yalwan Damai da sauran garuruwa, ina tsayawa nesa da mutane, ina gajarta gaisuwa, ina cika takarda. Wurin ƙarshe shi ne wani ƙauye gaba da Fagam, a ƙasar Gwaram, garin su wani ɗalibi Auwalu.

Na isa da hantsi. Garin shiru, sai kukan mata daga wani gida can ciki. Aka nuna mini maigidan Auwalu a sana'a, Malam Adamu, wani dattijo siriri, manomi mai 'yan shanunsa, wanda kuma shi ne kafintan garin. Yana zaune a ƙofar zaure tare da wasu dattawa. Shi ne kuma mahaifin Auwalun. Na san haka, an gaya mini tun a hanya, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Can gefe a inuwar bishiya ga Auwalu a sunkuye a kan wani dogon abu, yana sassaƙa da gizago.

Aka shimfiɗa mini tabarma, na ce ina sauri. Na yi gaisuwa daga tsaye, na fito da takarda.

"Malam Adamu, kai ne maigidan Auwalu a aikin kafinta?"

Ya kawar da kai, ya dubi garken shanu. "Wancan? Yana dai zama a nan."

"Yaya hannunsa yake?"

"Hannu kam yana da shi. Guda biyu."

Dattawan suka yi murmushi. Na ce, "Ina nufin, ya iya aikin?"

"Ina fa iyawa. Ɓarnar katako dai."

"Zai iya haɗa taga shi kaɗai, ba tare da ka sa masa hannu ba?"

"Malam," in ji shi, "yaya kuka ji da zafi a Birnin Kudu? An ce ku ma abin ya taɓa ku."

Duk mai hankali a nan zai gane an rufe masa ƙofa cikin mutunci. Ni sai na ɗauka yana ɓoye wani abu ne, na ƙara matsawa. Na ce gwamnati ce ta aiko ni, kuma daraja uku ce, dole ya zaɓi guda.

Ya ce, "Wace ce ta ƙarshe?"

Na ce, "Ta uku."

"To, ita ma ta yi masa yawa."

Dattawan suka yi dariya ƙasa-ƙasa, kuma ina jin ita ce dariya ta farko da na ji a duk wannan bazarar. Na waiga na ga Auwalu shi ma yana murmushi, kansa a sunkuye, gizagonsa bai tsaya ba. A raina na ce lallai yaron nan ya lalace, uba yana kushe shi a gaban baƙo yana murmushi. Na tambayi abin da yake sassaƙawa, wani dattijo ya ce makarar gari ce ta karye jiya saboda yawan ɗauka, shi ne yake haɗa sabuwa tun da sassafe, domin akwai gawa tana jira. Da jin haka na danna hankici a hanci, na buga babur. Tsakanina da aikin yaron bai fi in taka in sunkuya ba. Ban taka ba.

Sakamako ya fita, na aika Kano a kan kari. Garba ya sami daraja ta ɗaya da gurbin, Auwalu ya sami ta uku. Da aka liƙa sunaye a bangon ofis ya zo daga ƙauyensu, ya daɗe a tsaye yana karantawa, sannan ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Malam, abin da aka faɗa a gida, shi aka rubuta?"

Na ce, "Shi aka rubuta, ba ƙari ba ragi." Har da alfahari na faɗa.

Ya ce, "To. Allah Ya ba da lada." Ya tashi ya fita. Bai yi gardama ba, domin gardama a nan tana nufin ya ƙaryata mahaifinsa, amma wannan sai daga baya na gane.

Damina ta faɗi, cutar ta lafa. Wani babban mai duba makarantu, Alhaji Ɗalhatu, ya zo daga Kano ya tara shugabannin makarantun Birnin Kudu da Gwaram, domin kowa ya bayyana yadda ya yi da ɗalibansa. Shugabanmu ya ce ni zan yi magana. Na ɗinka sabon kaftani saboda ranar. Na miƙe na yi bayanin tsarina dalla-dalla, har na ba da shawarar a mayar da shi doka a duk jihar idan irin wannan annoba ta sake aukuwa.

Wani hedimasta daga Gwaram ya ce, "Malam, ba ka tsoron maigida ya fifita nasa?"

Wannan tambayar nake jira. Na ce ina da hujjar da za ta kashe wannan tsoro. Na ce a ƙasar Gwaram ɗin ma na sami uba wanda gaskiya ta fi masa ɗansa, ya ba da shaida a kan ɗan cikinsa ba tare da son kai ba. Na ɗaga takarda na karanta musu maganar Malam Adamu da babbar murya, tun daga "Wancan?" har zuwa "ita ma ta yi masa yawa." Na ce irin waɗannan talakawa masu amana su ne ginshiƙin tsarina. Na tsaya ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Alhaji Ɗalhatu ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka ce ubansa ne?"

"Mahaifinsa, ranka ya daɗe."

"Yaya sunan yaron?"

"Auwalu."

Hedimastan Gwaram ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar an sanar da shi rasuwa.

A wannan lokacin ne abin ya fara sauko mini. Auwalu sunan ɗan fari ne. Kuma babu wanda ya tashi a ƙasar nan da bai san kunyar ɗan fari ba: uba ba ya kama sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, idan an matsa masa sai ya kushe shi ko ya sauya zance, musamman a gidajen da suka gaji kiwo. Kowa a wurin yana jin kushen ya san yabo ne aka lulluɓe. Dattawan nan sun ji shi a haka, shi ya sa suka yi dariya. Yaron ya ji shi a haka, shi ya sa ya yi murmushi. Ni kaɗai na ɗauke shi na sa masa hatimin gwamnati.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kai na nawa ne a wurin mahaifinka?"

Na ce, "Na fari."

"Ranar da ka kai masa takardar digirinka, me ya ce?"

Na so in ce na manta, amma idanun kowa na kaina. Na ce, "Cewa ya yi, Allah Ya sa dai ba asarar tawada aka yi ba. Sai ya tambayi ƙanena ko an ba awaki ruwa."

"Daga nan fa?"

"Kashegari ya yanka rago, ya ce sadakar kakanni ce."

"To, da ni ne na zo da takarda a ranar, na rubuta maganarsa, da yanzu kana ina?"

Bai jira amsata ba. Ya sa aka miƙa masa sakamakon ajin gaba ɗaya, ya riƙa kiran suna yana tambayata wurin wa kowane yaro ya zauna. Da ya gama ya ce, "Waɗanda suka zauna wurin kawu duk sun ci ta ɗaya. Na hannun bare sun ci ta biyu. Na hannun ubanninsu sun sauka ƙasa, ɗan farin cikinsu ya fi kowa sauka. Kai ba kafinta ka jarraba ba, Malam. Zumunci ka jarraba."

Babu wanda ya yi dariya. Na yi fatan a yi, domin dariya tana wucewa. Sai kowa ya sunkuyar da kai yana jin kunya a madadina, shugabanmu yana ta juya hularsa a hannu. Ni kuma ina tsaye da takarda, na rasa ko in zauna ko in fita. (Na zauna. Kaftanin ban sake sa shi ba.)

Alhaji ya ba da umarnin a sake jarraba ajin da hannu, a gaban masu jarrabawa, tunda an buɗe hanya. Daraja za a iya gyarawa. Gurbin kuwa ya riga ya tafi, Garba ya fara karatu a Kano, ba kuma laifinsa ba ne balle a ce a koro shi. Game da Auwalu kuwa, Alhajin ya ce mini, "Kada ka aika. Ka je da ƙafarka."

Na je. Wannan karon gero ya rufe hanya, garin ya yi kore, amma ƙofar zauren babu kowa. Na yi sallama, wata tsohuwa ta leƙo. Goggon Auwalu ce, yayar mahaifinsa, wadda ta raine shi. Ta ƙare mini kallo.

"Kai ne malamin nan mai toshe hanci?"

Na ce ni ne, Inna.

"Yau ba ma wari ke nan. To, wanda ka zo nema ba ya nan. Ya bi motar katako ya yi kudu, an ce yana dakon siminti a bakin teku. Yaron da ya yi ƙofar masallacin garin nan, yanzu buhu yake ɗauka a ka." Ta gyara mayafi. "Kai ɗan nan, in tambaye ka. Ka tsare uba a gaban mutane a kan ɗan farinsa, me kake so ya ce? Ya tashi ya yi masa kirari? Ina cikin gidan nan ranar, ni na goya shi, ni bakina a sake yake. Me ya hana ka aiko a tambaye ni?"

Na ce ba ta cikin tsarin.

"Ba na cikin me?"

Ta ce tun da labari ya bazu ƙanenta ya daina zama a ƙofar gida, domin har a kasuwar Fagam ana nuna shi ana cewa ga wanda ya kayar da ɗansa a gaban gwamnati.

Can sai ga Malam Adamu ya dawo daga gona. Ya rame. Ya shimfiɗa mini tabarma, wannan karon na zauna. Na yi dogon bayani, na ba da haƙuri, na ce laifina ne ni kaɗai, na ce idan Auwalu ya dawo za a sake jarraba shi. Ya saurara yana tsinke ciyawar da ta maƙale a wandonsa.

Ya ce, "Ba komai, Malam. Ni na faɗa, kai ka rubuta. Kowa ya yi aikinsa."

Na so ya zage ni, bai yi ba. Da na tashi tafiya ya ce zai taka mini. Muka wuce inda na ajiye babur, muka ci gaba har bakin gonaki, inda ba mai jin mu. A nan ya tsaya, ya dubi gero, bai dube ni ba.

"Malam, ran nan da ka zo, ai yaron gidan nan yana kan aiki. Kai da ka ga aikin yara da yawa, yaya ka ga nasa?"

Na gane abin da yake roƙo. Yana so ya ji daga bakin baƙo abin da nasa bakin ba zai iya furtawa ba, sau ɗaya, a inda babu kowa. Ƙarya ta zo mini har kan harshe, kuma da na yi ta wataƙila da ya kwana da sanyi a rai. Amma yana wurin a ranar, ya ga inda na tsaya.

Na ce, "Baba, ban duba ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Allah Ya kiyaye hanya."

Auwalu bai dawo jarrabawar ba. Na aika saƙo ta bakin direbobi har na gaji, ban san ko ya isa gare shi ba, ban kuma san inda rayuwa ta kai shi ba. Idan yana raye, yanzu shi ma ya fara furfura.

Tun daga wannan shekara ban sake ba kowa daraja da bakin wani ba. Idan an ce yaro ya iya tebur, sai na ce a kawo teburin in jijjiga, tunda jijjigawar dai na iya. Na kuma ɗauka na warke sarai, har kwanan baya, da malamin da ke koya wa babban ɗana aikin lantarki ya tare ni a bakin masallaci, ya ce makaranta tana neman ra'ayin iyaye, yaya nake ganin ƙoƙarin yaron. Yaron ya iya aiki, shi ya gyara wutar gidana gaba ɗaya. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na ji ina cewa, "Shiririta dai yake yi, ku ci gaba da haƙuri da shi."

Malamin ya laluba aljihu yana neman biro. Na riƙe masa hannu, na ce, "Don girman Allah, kada ka rubuta."